Waya Ta Cika, Me Zan Goge? Amsoshin Tambayoyinku

Yawancin wasiƙun da suka shigo filin nan a wannan watan kukansu ɗaya ne: waya ta cika, ta yi nauyi, abin da ake nema a cikinta kuma ya nutse cikin tarkace. Mun zaɓi tara daga ciki. Sunayen maɓallai mun bar su yadda za ku gan su a fuskar waya. Akan sami ɗan bambanci tsakanin Tecno, Infinix, itel, Samsung da Redmi, amma hanyar ba ta sauyawa sosai.

Tambaya: Assalamu alaikum. Wayata mai GB 64 ce, kullum sai ta rubuto mini cewa wuri ya ƙare. Na zauna na goge hotuna kusan dubu, bayan kwana biyu saƙon ya dawo. Zaurukan WhatsApp da nake ciki sun kai ashirin, da na makaranta, da na dangi, da na Islamiyya, da na adashi. Ina mafita?
Wata malamar firamare, Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Shara kika yi ƙofa a buɗe, iskar hunturu na kaɗawa. A rufe ƙofar tukuna.

Buɗe WhatsApp, ki taɓa ɗigo ukun nan na sama, ki shiga Settings, sannan Storage and data. A ƙarƙashin Media auto-download akwai layi uku: na lokacin da kike kan data, na Wi-Fi, da na lokacin da kika tsallaka wata ƙasa da layinki. Shiga kowanne ki cire alamar da ke kan hotuna, sauti, bidiyo da takardu. Daga ranar babu abin da zai sauka a wayarki sai wanda kika taɓa da yatsarki. Saƙon murya kaɗai zai ci gaba da sauka da kansa, shi kuwa ba shi da nauyi. Za ki ga bambanci har a kuɗin data.

Hotuna dubun da kika goge ba su ne suka cika wayar ba. WhatsApp yana matse hoto kafin ya aika, da wuya ɗaya ya kai rabin MB, ke nan dubun duka ba su kai rabin GB ba. Bidiyon kamu ko na wa'azi guda ɗaya kuwa yana iya kai MB 50. Saboda haka da manya ake farawa. A wannan shafin dai akwai Manage storage. Can za ki tarar an tara miki kashi biyu, Larger than 5 MB da Forwarded many times, wato manyan fayiloli da waɗanda aka yi ta yawo da su daga zaure zuwa zaure. A ƙasa kuma ga jerin zaurukan, wanda ya fi cin wuri yana sama. Buɗe na farko, ki zaɓi duka, ki cire alama daga kan 'yan kaɗan da kike so, ki goge saura. Zaure uku ko huɗu na sama su ne yawanci suka riƙe mafi yawan nauyin.

Akwai wurare biyu da tarkace ke ɓuya. Na farko kwandon shara: a wayoyi da yawa, hoton da aka goge daga Gallery yana komawa Trash ko Recently deleted ya yi kwana 30 a can, yana cin wurinsa kamar ba a taɓa shi ba. Sai kin shiga kin zazzage kwandon. Na biyu folda mai suna Sent. Bidiyon da kika ɗauka da kyamara kika tura wa mutane, WhatsApp yakan ajiye nasa kwafin daban, kuma Gallery ba ta nuna shi. Da manhajar duba fayiloli za ki same ta, a bin Android, media, com.whatsapp, WhatsApp, Media, WhatsApp Video, sannan Sent.

Zaurukan gaisuwar Juma'a da barka da safiya, ki roƙi admin ya kunna Disappearing messages, mai sa saƙonni su goge kansu, ya zaɓi kwana 7. Akwai kuma awa 24 da kwana 90. Amma kada a kunna shi a zauren adashi, domin rasit ɗin wanda ya zuba kuɗi hujja ce, ranar rigima ita za a nema. In kin gama, ki riƙa barin kamar GB 6 babu komai. Wayar da ta cika maƙil ba ta iya sabunta manhajoji, kuma ita ce ke sanƙarewa a tsakiyar aiki.

Tambaya: Abokina ya ce in sa manhajar share waya, irin mai hoton tsintsiya ko roka. Wacce ta fi kyau?
Wani ɗan acaɓa, Funtuwa

Amsa: Ɗan'uwa, ba ka buƙatar ko ɗaya. Da yawansu talla suke cika waya da ita, kuma rufe manhajojin da suke yi da sunan ƙara gudu yana sa wayar ta sake buɗe su, batir ya sha wahala. Files by Google ta wadatar, kyauta ce, kuma shafinta na Clean yana nuna maka fayilolin da suka maimaitu, da manya, da manhajojin da ka daɗe ba ka buɗe ba.

Abin da ya kamata ka riƙe shi ne bambancin maɓallai biyu da ke zaune kusa da juna a Settings, Apps, sunan manhaja, Storage. Clear cache yana kwashe tarkacen wucin gadi ne kawai, babu asara, kuma a TikTok, Facebook, Instagram da Chrome yakan taru da yawa. Clear data, wanda wasu wayoyi ke rubutawa Clear storage, yana mayar da manhajar kamar yau aka saka ta. In ka danna shi a kan WhatsApp ba tare da ajiyar ko-ta-kwana ba, hirarrakinka sun tafi. Garin neman gira an rasa ido ke nan.

Tambaya: Ina sayar da atamfa da leshi ta waya. Hotunan kaya sun haura dubu goma. Gmail ya daina karɓar saƙo, wai wurina na Google ya cika. Na shiga Google Photos na goge hotuna da yawa don in samu wuri, sai na tarar sun ɓace a wayata ma, har da na sunan ɗana. Don Allah a taimaka.
Wata 'yar kasuwa, Kano

Amsa: Hajiya, kwantar da hankalinki, mai yiwuwa suna nan. Buɗe Google Photos yanzu, ki shiga Collections, wanda a tsohuwar manhaja ake kira Library, ki buɗe Trash ko Bin. Hoton da ya riga ya hau Google yana kwana 60 a kwandon, wanda bai hau ba kwana 30. Zaɓi na sunan, ki danna Restore. Kada ki zazzage kwandon sai kin gama dubawa a tsanake.

Ga abin da ya faru. Mutane suna ɗaukar Google Photos a matsayin sito na biyu, alhali madubi ne. Abin da kika goge a madubin, an goge shi a wayar. Maɓallai uku ne a ciki, kowanne da aikinsa. Delete yana cirewa daga ko'ina. Delete from device yana cirewa daga wayar ya bar na Google. Free up space yana kwashe hotunan da suka riga suka hau Google daga cikin wayar a lokaci ɗaya. Na biyu da na uku maganin cikar waya ne. Ke kuwa Google ne ya cika miki, ciwon daban ne.

Google yana ba kowane asusu GB 15 kyauta, Gmail da Drive da Photos duk a ciki suke ci. Da can hotunan da aka matse ba sa shiga lissafi, amma tun 1 ga Yunin 2021 aka daina wannan rangwamen, daga 2024 kuma ajiyar WhatsApp ta masu Android ita ma ta shiga cikin kason. Shi ya sa mutane da yawa suka wayi gari asusu ya cika ba tare da sun sauya komai ba. In ya cika, imel ba ya shiga ba ya fita, wanda ya aiko miki kuma saƙonsa yakan koma masa. Masu iPhone GB 5 kacal iCloud ke ba su.

Shiga one.google.com/storage ki ga wa ke cin nawa. Yawanci abu uku ne. Na ɗaya, bidiyon da ke cikin ajiyar WhatsApp: a Settings, Chats, Chat backup, ki kashe Include videos. Na biyu, foldojin da bai kamata su hau Google ba: a saitin Backup na Photos akwai Back up device folders, ki kashe na WhatsApp, Facebook, Xender da sikirinshot, ki bar kyamara kaɗai. A nan dai ki zaɓi Storage saver, wanda ke matse hoto zuwa megafiksel 16, bidiyo zuwa 1080p. Ido ba zai ga bambanci a fuskar waya ba. Na uku, tsofaffin imel masu nauyi. A akwatin bincike na Gmail rubuta larger:10M, zai fito da duk saƙon da ya wuce MB 10. Rubuta category:promotions older_than:1y, zai tattaro tallace-tallacen da suka shekara. Goge, sannan ki zazzage Trash na Gmail ma, in ba haka ba sai bayan kwana 30 wurin zai dawo.

Kafin ki sake goge hoto ko ɗaya na iyali, ki haɗa wayar da kwamfuta ki kwafe foldar DCIM, inda hotunan kyamara ke zama, gaba ɗaya zuwa filash ko faifan ajiya na waje. Waɗanda suke Google kaɗai, takeout.google.com zai tattara miki su ki sauke, amma da Wi-Fi, don nauyinsu.

Game da sana'ar kuwa, shawararmu ita ce hoton kaya bai cancanci zama har abada ba. Leshin da ya ƙare, hotonsa ya gama aiki. Ki koma WhatsApp Business, ki zuba kayan da ke hannu a Catalog da farashinsu, ki daina tura hoto ɗaya sau hamsin. Kowace Juma'a da yamma ki ware minti goma ki goge na kayan da aka sayar. Rasit da alat na banki su ne za ki ajiye a folda ta musamman, wata bayan wata.

Tambaya: Duk lokacin da na sayi waya, mai shago ne ke buɗe mini Gmail. Yanzu ban san nawa nake da su ba, kuma ban san kalmar sirrin ko ɗaya ba. Yarana sun ce akwai matsala. Da gaske ne?
Wani dattijo mai sayar da hatsi, Gusau

Amsa: Gaskiyar yaran ne, Alhaji, kuma a duk tambayoyin wannan watan taka ta fi muhimmanci. Gmail shi ne makullin gidan gaba ɗaya. Lambobin mutane, hotuna, ajiyar WhatsApp, duk a bayansa suke. Yanzu makullin yana hannun wanda ba ka sani ba, ko kuma babu shi a hannun kowa.

Abu na farko, kada ka bari a yi wa wayar nan wankin ƙwaƙwalwa, wato Factory reset, sai an gyara wannan. Wayoyin Android suna da kariyar ɓarayi: in an wanke waya ba a cire asusun Google ba, tana iya ƙin buɗewa sai an saka lambar kulle ko asusun da ke kanta a da. Mai waya da kansa yakan tsinci kansa a waje.

Ka zauna da ɗaya daga cikin yaran da ka amince da shi. A Settings, a taɓa Google, za a ga adireshin da ke kan wayar, a rubuta shi a takarda. A shiga Manage your Google Account, sannan Security, a nemi sauya kalmar sirri, in ya tambayi tsohuwar a danna Forgot password. Tun da a wayar da asusun ya saba da ita ake yi, kuma a gida inda ka saba amfani da ita, sau da yawa Google yakan yarda da lambar kulle fuskar waya ko ya turo tambaya a wayar. Wannan damar tana nan ne muddin wayar na hannunka. Ranar da ta faɗa ruwa ko aka sace ta, aikin ya zama jidali.

Da an sauya, a duba Recovery phone da Recovery email. In lambar mai shago ce a wurin, a cire a sa taka. Google na iya ci gaba da amincewa da tsohuwar lambar har kwana 7, don haka a sake leƙawa bayan mako. A buɗe Your devices a fitar da duk na'urar da ba taka ba. Sannan a kunna 2-Step Verification, wato kulle na biyu bayan kalmar sirri, a nemi Backup codes: lambobi ne guda 10, kowacce mai alƙaluma 8, kowacce sau ɗaya take aiki. Su ne za su buɗe maka ranar da layi da waya suka ɓata tare.

Adireshin, kalmar sirrin da waɗannan lambobin, a rubuta su a ƙaramin littafi a ajiye inda kake ajiye takardun fili. Wasu na ganin rubuta kalmar sirri a takarda ganganci ne. Mu dai a wurinmu littafin da ke cikin akwati a ɗaka ya fi rubutun da ke cikin wayar da ake yawo da ita kasuwa. Sharaɗi ɗaya ne: kalmar Gmail ta bambanta da ta banki da ta Facebook, kuma kada ta zama lambar wayarka ko shekarar haihuwa.

Daga yau wannan asusun ɗaya shi za ka riƙa sakawa a kowace sabuwar waya. Tsofaffin, in akwai wanda ke ɗauke da hotunan da kake so, a gaggauta neman shi, domin tun Disambar 2023 Google ya fara goge asusun da ya shekara 2 ba a shiga ba. A WhatsApp ma a kunna Two-step verification, lambar sirri ce mai alƙaluma 6. Kuma duk wanda ya kira ya ce ka karanto masa lambar da aka turo maka ta tes, ko ya ce daga zauren masallaci yake, ka kashe wayar.

Tambaya: Ina fatauci tsakanin Maraɗi da Katsina. Sunan mutum ɗaya sai ya fito sau uku a wayata, wasu lambobin kuma ba sa shiga in na tsallaka iyaka.
Wani ɗan kasuwa, Maraɗi

Amsa: Alhaji, maimaituwar tana zuwa ne saboda lambobin suna zaune a gida uku: cikin sim, cikin wayar kanta, da cikin Google. Sim ba ya ɗaukar fiye da kamar lamba 250, yana yanke dogon suna, na cikin waya kuma tare da wayar suke mutuwa. A tattara su a Google. A manhajar Google Contacts, shiga Organize, ko Fix and manage a tsohuwar, ka fara da Export to file don ka sami kwafin komai a fayil guda kafin ka taɓa wani abu. Sannan Import from SIM, sannan Merge and fix, wanda zai haɗe masu kama da juna. Ka duba kafin ka amince, kada ya haɗe Sani biyu da ba su haɗa komai ba. A saitin manhajar ka zaɓi Google a matsayin inda sababbin lambobi za su riƙa shiga. Wanda ka goge bisa kuskure yana kwana 30 a kwando.

Batun iyaka kuwa, ka rubuta kowace lamba da lambar ƙasarta: +227 na Nijar, +234 na Najeriya tare da jefar da sifilin farko, +233 na Ghana, +237 na Kamaru, +235 na Cadi. Haka za ta shiga daga kowane ɓangare. Ka kuma daina ajiye "Musa 2" da "Musa sabo". Rubuta suna, sana'a da gari, kamar "Musa direba Jibiya", ko bayan shekara biyar ka nemi "direba" zai fito.

Tambaya: Duk lokacin da za a cike fom a intanet sai na kwana ina neman hoton sakamakon WAEC ko takardar NIN a cikin dubban hotuna. Yaya zan tsara su?
Wani ɗalibi, Bauchi

Amsa: Ɗan'uwa, takardun da rayuwarka ta karatu ta rataya a kansu ba su wuce ashirin ba, yini ɗaya ya isa a gama da su. A Google Drive ka buɗe folda ɗaya mai suna Takardu, a cikinta huɗu: Shaida, Karatu, Kuɗi, Lafiya. Kada ka wuce haka. Mai folda talatin, ɗaya cikin ɗaya, shi ma nema yake yi.

Kada ka ɗauki takarda da kyamara kai tsaye. Manhajar Drive tana da Scan, wanda ke daidaita gefuna ya fitar da PDF. Shimfiɗa takardar a kan abu mai duhu, kusa da taga da rana, ba tare da fitilar kyamara ba, don tana haske a kan takardar da aka liƙe da leda. Ka tabbata hatimi da lambar takardar sun karantu.

Suna shi ne rabin aikin. Fayil mai suna IMG da dogayen alƙaluma ba ya nemuwa. Fara da shekara, sannan abin da takardar take: "2022 WAEC sakamako", "2023 JAMB admishan", "2024-11 rasit kuɗin makaranta". In shekara ce a gaba, sai wata, fayilolin da kansu suke jeruwa. Kowace muhimmiyar takarda ka ajiye ta iri biyu, cikakkiya mai kyau da ƙarama da aka matse, domin shafukan rajista da yawa suna ƙin fayil mai nauyi, kuma kowanne yakan rubuta iyakarsa a gefen maɓallin ɗorawa. Haka hoton fasfo. Waɗanda ka fi buƙata, ka danna musu Make available offline, su buɗu ko babu sabis.

Ƙa'idar masu ajiyar bayanai ita ce kwafi uku, a ma'adana iri biyu, ɗaya kuma nesa da gida. A wurinka wannan na nufin waya, Drive, da filash a akwati. Asalin takardun kuma suna nan a fayil ɗinsu na leda, hoto bai maye gurbinsu ba.

A kafe, wato shagon kwamfuta da intanet, ake yawan yin ɓarna. Kada ka shiga Gmail ɗinka a kwamfutar da kowa ke hawa in akwai wata hanya. Tura fayil ɗin da za a buga kaɗai, in an gama ka tsaya a goge shi daga Downloads da Recycle Bin a gabanka. Layin da ka yi rajistar JAMB da shi kuma ka riƙe shi da rai har ka gama makaranta.

Tambaya: Na sayi katin memori an rubuta GB 128 a jikinsa, da araha. Bayan mako biyu hotunan ciki suka daina buɗewa.
Wata uwargida, Sakkwato

Amsa: Hajiya, alamu sun nuna jabu ne. Ana ɗaukar ƙaramin kati, a ce mai GB 8, a sauya bayanin da yake ba waya ya riƙa cewa shi 128 ne. Yana aiki lafiya har ainihin cikinsa ya cika, daga nan duk abin da aka zuba ko dai ya hau kan na baya ko ya tafi iska, sunan fayil na nan, cikinsa babu. Abin da ya ɓace ta wannan hanyar da wuya ya dawo. Cire katin yanzu, a kwafe abin da ya rage a kwamfuta.

Sabon kati a gwada shi kafin a ba shi amana. Manhajar H2testw ta kwamfuta tana cika shi ta karanto ta faɗi girmansa na gaskiya. In babu, a cika shi da bidiyo har baki, a buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe. In waya ta tambaya, ki zaɓi Portable storage, domin Internal yana ɗaure katin ga wannan wayar kaɗai, in ta mutu babu mai karanta shi. Kati na gaske ma yakan mutu ba sallama, kada ya zama shi kaɗai ke riƙe da hotunan iyali.

Tambaya: Wayata ba ta minti biyar ba ta yi ƙara ba, har da tallace-tallacen da ban san daga ina suke ba. Ina aikin dare, ba na samun barcin rana, kuma ba zan iya kashe ta ba saboda mahaifiyata ba ta da lafiya.
Wata ma'aikaciyar jinya, Jos

Amsa: Allah ya ba Mama lafiya, 'yar'uwa. Akwai hanyar da kiranta zai shigo, sauran su yi shiru. Sa wa lambarta da ta masu jinyarta tauraro a Contacts. A Settings ki nemi Do Not Disturb, ki ba Starred contacts izinin kira, ki kuma kunna Repeat callers, wanda ke barin kiran duk wanda ya sake bugowa cikin minti 15. Ki tsara masa lokaci, a ce ƙarfe 9 na safe zuwa 2 na rana, ya riƙa kunna kansa. Ki sa wani ya gwada kiran kafin ki dogara da shi.

Tallan da ba ki san tushensa ba, yawanci daga shafukan da aka taɓa danna musu Allow ne a Chrome. Shiga Settings na Chrome, Site settings, Notifications, ki toshe su duka. Sauran kuma, duk sanarwar da ta faɗo, ki danne ta da yatsa na ɗan lokaci, wayar za ta nuna manhajar da ta aiko ta da maɓallin kashewa. Ma'aunin mai sauƙi ne: in ba mutum ne ke nemanki ba, kuma ba banki ba ne, a kashe.

A WhatsApp, kowane zaure yana da Mute na awa 8, mako 1 ko Always. Archive yana kawar da shi daga gabanki ba tare da kin fita ba, wanda ya dace da zauren dangi da kunya ba za ta bari a fice ba. Wanda kuwa ba ki da hulɗa da shi, fita kawai, yanzu admin kaɗai ake sanar wa. A Privacy, Groups, ki zaɓi My contacts don baƙo ya daina jefa ki zaure ba izini.

Tambaya: Zan sayar da tsohuwar wayata, kuma ina so in yar da ɗaya daga cikin layukana uku. Me zan fara yi?
Wani tela, Kaduna

Amsa: Malam, da layin za ka fara, don shi ya fi haɗari. Layin da aka daɗe ba a amfani da shi, kamfani yakan karɓe ya sayar wa wani. In har bankinka na turo alat a kansa, sabon mai layin zai riƙa ganin shige da ficen kuɗinka, yana iya danna *565*0# ya ga BVN ɗinka, yana kuma iya karɓar lambar shiga Facebook ko WhatsApp ɗinka. Ɗauki takarda ka jera duk inda ka taɓa ba da lambar: banki, NIN, Gmail, Facebook, da asusun irin su OPay da PalmPay da lambar waya ce lambar asusunsu. Na banki da BVN sai ka je reshe da katin shaida, na NIN kuma ta hukumar NIMC. A WhatsApp ka bi Settings, Account, Change number, wanda zai kwashe zaurukanka zuwa sabuwar lamba ya kuma sanar da kwastomominka in ka so. Ka bar tsohon layin a waya wata ɗaya ko biyu bayan haka, duk tes ɗin da ya shigo zai tuna maka wurin da ka manta.

Sai wayar. Yi Chat backup na ƙarshe, ka dawo da shi a sabuwar, ka buɗe hirarraki, hotunan ɗinki da awon mutane ka gani da idonka. In kana amfani da Google Authenticator, manhajar da ke ba da lambobin shiga asusu, ka kwashe shi ta Transfer accounts tun tsohuwar na kunne. Riƙe ta mako guda kafin ka rabu da ita. Ranar sayarwa, cire asusun Google daga Accounts tukuna, cire sim da katin memori, sannan Settings, System, Reset options, Erase all data. Wayoyin zamani a kulle bayanansu suke, wankin ya wadatar, amma katin memori ba haka yake ba, ana iya tono abin da aka goge a cikinsa, don haka kada ka haɗa da shi a cinikin. Mai iPhone ya fita daga iCloud kafin ya danna Erase All Content and Settings. Kafin wankin ka danna *#06#, lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, mai alƙaluma 15 za ta fito, a rubuta ta a takardar ciniki da kwanan wata da sa hannun mai saye, kowa ya riƙe kwafi.